Bargon ƙyallaye na Amurka: nawa ake kashewa wajen ɗinka shi, kuma wa ke cin ribarsa?

Abubuwa biyu da suka faru a Amurka cikin 2025 sun sake tayar da tsohuwar gardama tsakanin masu ɗinka bargo da hannu da masu sayensa. Na farko, kamfanin Joann, mai kantunan yadi da kayan ɗinki kusan 800 a faɗin ƙasar, ya durƙushe, kafin watan Mayu ya ƙare ya rufe su kaf. Na biyu, gwamnatin Donald Trump ta soke sassaucin da ke barin ƙananan kaya waɗanda kuɗinsu bai wuce dala 800 ba su shiga ƙasar ba tare da kuɗin fito ba. An fara da kayan Sin da Hong Kong ranar 2 ga Mayu, sannan dokar ta hau kan kowa daga 29 ga Agusta. Ga kuma sababbin harajin kwastan da aka ɗora wa ƙasashe da dama, alhali yawancin yadin audugar da ake wannan ɗinki da shi a Asiya ake buga shi, a Koriya ta Kudu da Japan da Sin da Pakistan da Indiya.

Masu ɗinki suka ce babu makawa farashi ya hau. Masu saye suka ce ai dama can ya yi tsada: ta yaya bargon da ake samu a babban kanti da 'yan daloli kaɗan, wata za ta ɗinka mai kama da shi a gida ta ce sai an ba ta sama da dubu? Amsar tana cikin abin da ake lissafawa da abin da aka saba tsallakewa.

Wane irin bargo ake magana a kai?

Amurkawa suna kiransa kwilt. Hawa uku ne aka haɗe. Akwai fuska, wadda ake yi da ƙyallaye da aka yayyanka aka harhaɗa su bisa wani zane. Akwai shimfiɗar auduga ko ulu a tsakiya, ita ke riƙe ɗumi. Sai shafi a baya. Bayan an jera su, sai a bi da ɗinki mai ratsa dukkan ukun domin kada audugar ta dunƙule wuri guda, daga ƙarshe a kalmasa bakin. Wanda ya taɓa kallon 'yan lifidi a hawan sallah ya riga ya ga wannan dabara, don lifidi ma auduga ce aka cusa tsakanin tufa biyu aka danne da ɗinki. Bambancin kawai shi ne wancan don kare doki da mahayinsa daga kibiya aka yi shi, wannan kuwa don sanyin hunturu da adon gado.

Ruɗani na farko yana cikin kalmar "ɗinkin hannu" kanta, domin abu uku ake nufi da ita a kasuwa. Akwai wanda aka yi da allura da zare tun daga farko har ƙarshe. Akwai wanda aka harhaɗa fuskarsa da keken ɗinki na gida, aka danne shi da allura. Akwai kuma wanda keke ya yi duka, sau da yawa a wata babbar na'ura mai dogon hannu da ake shimfiɗa bargon a kanta, amma dai mutum ɗaya ne ya zaɓi yadi, ya yanka, ya haɗa. Dukkansu ana sayar da su da sunan aikin hannu, kuma ba lallai a ce an yi ƙarya ba, sai dai lokacin da kowanne ya ci ba ɗaya ba ne ko kusa. Su kansu masu sana'ar sun daɗe suna jayayya a kan haka. A 1989, lokacin da bargon Caryl Bryer Fallert, wanda aka danne da keke, ya lashe babbar kyauta a gasar garin Paducah ta jihar Kentucky, wasu sun ga kamar an ci amanar sana'ar. Yau kuwa aikin keke shi ne ya fi yawa a irin waɗannan gasa.

Lissafin da mai saye ba ya gani

A ɗauki bargon babban gado, mai faɗin inci 90 da tsawon inci 100. Alƙaluman da ke tafe misali ne domin a ga yadda lissafin yake tafiya, farashi yana bambanta daga gari zuwa gari. Fuska da shafi da bakin kalmasa za su ci yadi wajen 20, saboda yadin ba ya wuce inci 44 a faɗi, kuma yanka ƙanana yana jawo asara a gefe. In yadi ɗaya dala 13 ne, an kashe 260. A ƙara 60 na auduga da zare da allurai, ya zama 320 tun ba a zauna ɗinki ba.

Masu na'ura mai dogon hannu da inci suke cajin aiki. Bargon nan murabba'in inci 9,000 ne, in an yi shi a kan santi 2 kowane inci, dala 180 ke nan. Jimla 500. Har yanzu ba a sa ladan wadda ta yi aikin ba. A ce wankin yadi da guga da yanka da harhaɗawa da kalmasa sun ci mata awa 40. Mafi ƙarancin albashi na tarayya a Amurka dala 7.25 ne a awa, kuma tun 2009 bai motsa ba. Da wannan ma'auni ladanta 290 ne, bargon ya tsaya a 790. In ta ɗauki kanta a matsayin ƙwararriya ta nemi dala 20 a awa, ya kai 1,300. Babu riba a ciki, babu kuɗin wuta, babu lalacewar keke, babu kason da shagon intanet ke cira (Etsy na karɓar kashi 6.5 cikin ɗari na kowane ciniki tun 2022, ban da sauran ƙananan caji).

Inda lissafin ke juyewa shi ne idan da allura aka danne bargon. Ƙwararru suna jera ɗinki takwas zuwa goma sha biyu a cikin inci guda, a bi haka layi bayan layi a kan gaba ɗaya bargon. A ce hakan ya ci awa 200. Kuɗin na'ura ya fita, amma awowi sun koma 240, kuma ko da mafi ƙarancin albashi aka biya, bargon ya haura dala 2,000. To idan mai saye ya taya 800, ita kuma ta sallama, a cire 320 na kaya, saura 480. A raba da awa 240, dala 2 ta samu a kowace awa. Shi ya sa da yawa daga cikinsu, in an taya, ba sa ma tsayawa cewa albarka, sai su ce ba na sayarwa ba ne.

Me ya sa tazarar ke ƙara faɗi?

Masana tattalin arziki biyu, William Baumol da William Bowen, sun yi bayanin irin wannan matsala a 1966, ko da yake su a kan makaɗa da 'yan wasan dandali suka yi magana. Masana'anta tana ƙara sauri kowace shekara, ma'aikaci ɗaya yana fitar da ninkin abin da ubansa ya fitar. Amma kiɗan da ke buƙatar mutum huɗu na rabin awa, har gobe mutum huɗu ne da rabin awa. Albashi yana hawa a ko'ina cikin ƙasa, haya da abinci suna binsa, shi kuwa aikin da ba ya iya sauri sai ya yi ta ƙara tsada idan aka gwada shi da kayan inji.

Allura tana cikin wannan sahu. An samu sauƙi a wasu ɓangarori: wuƙar yanka mai zagaye da kamfanin Olfa na Japan ya fitar a 1979 ta rage wahalar almakashi sosai. Amma yatsan da ke tura allura bai fi na kakanni sauri ba. Bargon kanti kuwa, sau da yawa zanen ƙyallayen buga shi aka yi a kan yadi guda, ko kuma an haɗa shi a masana'antar ƙasar da ladan aiki bai taka kara ya karya ba, aka sayi yadi da auduga a sari.

Akwai dalili na biyu, kuma ya fi na farko tsufa. Tun asali ba a saba sa wa wannan aiki kuɗi ba. Aikin mata ne na cikin gida, ana yinsa da dare bayan an gama na gona da na kicin. A shekarun 1930, lokacin karayar tattalin arziki, mata sun yi ta amfani da buhunan gari da na abincin kaji, har kamfanoni suka koma buga wa buhunan furanni domin su ja hankalinsu. Daga nan mutane suka riƙe cewa bargon ƙyallaye abin tsumma ne, abin da kaka ke bayarwa kyauta. Wannan tunani yana nan, alhali yawancin masu yi a yau sabon yadi suke saye da tsada.

Tarihin wanda ya yi aiki da wanda ya karɓi kuɗi

Harriet Powers an haife ta baiwa a jihar Georgia a 1837. A 1886 ta nuna wani bargo da ta zana labaran Littafi Mai Tsarki a kansa a wajen baje koli na garin Athens. Wata malamar zane, Jennie Smith, ta nemi saye, ta ƙi. Bayan 'yan shekaru, da talauci ya matsa, ta kawo shi ta ce dala 10, aka ba ta 5, ta karɓa. Bargon yana hannun cibiyar adana kayan tarihi ta Smithsonian a Washington. A farkon shekarun 1990 cibiyar ta ba wani kamfani lasisin kwaikwayon wasu barguna da take ajiye da su, har da na Powers, a ɗinka su a Sin a sayar da araha a Amurka. Masu sana'ar suka yi ca a 1992, har da zanga-zanga da takardun koke. Hujjarsu ita ce kwaikwayon zai karya farashin na gida, ya kuma gurɓata tarihi. Hujjar cibiyar ita ce kuɗin lasisi yana taimaka mata wajen kula da kayan tarihi, kuma mai ƙaramin ƙarfi ma zai samu ya shimfiɗa a gadonsa.

A 1933 kamfanin Sears ya shirya gasa a bikin baje kolin duniya na Chicago, aka shigar da barguna sama da 24,000. Margaret Caden ta jihar Kentucky ta lashe babbar kyautar, aka miƙa bargon ga uwargidan shugaban ƙasa, Eleanor Roosevelt. Daga baya masu binciken tarihi suka gano cewa wasu mata ne ta biya suka yi ɗinkin. Makamancin haka ya sake fitowa a yankin Lancaster na jihar Pennsylvania, inda 'yan yawon buɗe ido ke tururuwar sayen bargon al'ummar Amish, wata ɗariƙar Kirista mai rayuwar gargajiya: wani kaso na aikin matan Hmong ne ke yi, 'yan gudun hijira daga Laos, ba tare da sunansu ya fito a jikin kayan ba.

Labarin da ya fi kowanne fito da wannan batu a fili shi ne na Gee's Bend, wani ƙauyen baƙar fata da kogin Alabama ya kusa kewayewa. Mazaunansa jikokin bayin da aka kawo gonar auduga ne, shi ya sa da yawansu ke amsa sunan Pettway, sunan mutumin da ya mallaki gonar daga 1845. A 1962, lokacin da suka fara neman rajistar zaɓe, aka dakatar da jirgin fiton da ke kai su hedikwatar gunduma, bai dawo ba sai 2006. Cikin wannan kaɗaici matan suka ci gaba da ɗinka barguna da tsofaffin wandunan aiki, da zane irin nasu wanda ba ya bin ƙa'idar littafi. A 1966 aka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa ta Freedom Quilting Bee a kusa da su, ta samu kwangila da manyan kantuna, amma kwangilar ta zo da sharaɗin kowane kaya ya yi daidai da ɗan'uwansa, abin da ya saɓa wa salon da ya sa aka san su.

A ƙarshen shekarun 1990 wani mai tara kayan fasaha, William Arnett, ya shiga ƙauyen ya sayi ɗaruruwan tsofaffin barguna. A 2002 aka baje su a gidan kayan fasaha na Houston, daga nan sai na Whitney a New York, masu sharhi suka jera su da manyan zane-zanen zamani. A 2006 hukumar gidan waya ta buga hotunansu a jikin kan sarki guda goma. A 2007 wasu daga cikin matan, ciki har da Annie Mae Young da Loretta Pettway, suka kai iyalan Arnett kotu a kan ba a ba su haƙƙinsu ba. Iyalan suka musanta, wasu matan ƙauyen ma suka tsaya musu, aka rufe shari'o'in a 2008. Har yau masu suka suna kallon lamarin a matsayin kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Masu kare Arnett kuma suna cewa kafin zuwansa wasu bargunan ƙarƙashin katifa suke, ba mai tayawa, shi ya kashe kuɗinsa ya kai su idon duniya.

Doka ma tana da hannu a ciki. Faransa ta kafa tun 1920 cewa mai fasaha yana da kaso idan aka sake sayar da aikinsa, Birtaniya ta bi sahu a 2006. Amurka ba ta da irin wannan doka a matakin tarayya. Jihar Kalifoniya ta yi tata a 1976, kotu ta kusa shafe ta a 2018. Saboda haka wadda ta sayar da bargo da araha, in ya yi daraja a hannu na biyu, ba ta da abin da za ta nema. Gidauniyar Souls Grown Deep, wadda ta gaji tarin Arnett, ta ɗauki matakin ba masu aikin da ke raye kashi 5 cikin ɗari idan ta sayar da aikinsu, amma wannan alƙawarin gidauniya ne, ba tilascin doka ba. Daga 2021 kuma wasu matan ƙauyen suka buɗe shagunansu a Etsy suna sayarwa kai tsaye.

Kuɗin yi daban, kuɗin kasuwa daban, kuɗin suna daban

Yawancin gardamar tana tasowa ne saboda ana cakuɗa ma'auni uku. Kuɗin yi shi ne lissafin da aka yi a sama. Kuɗin kasuwa shi ne abin da wani zai yarda ya biya yau. Kuɗin suna kuwa ba ruwansa da awowi: ya dogara ga wa ya yi, yaushe, da wane labari ke tare da kayan. A 1991 an yi gwanjon wani bargo da Lucinda Ward Honstain ta ɗinka a Brooklyn a 1867, bayan yaƙin basasar Amurka, a kan dala 264,000 a gidan gwanjo na Sotheby's. Dubban barguna sa'anninsa, waɗanda ƙila sun fi shi cin lokaci, ana samunsu a kasuwar tsofaffin kaya da kuɗin da bai kai na yadinsu ba, don ba a san mai su ba.

Masu rayuwa da sana'ar suna cewa duk wanda ya sayar ƙasa da kuɗin yi yana koya wa jama'a raina aikin, yana kuma kashe wa 'yan'uwansa kasuwa. Masu yi don sha'awa, waɗanda su ne suka fi yawa, suna cewa su ba albashi suke nema ba, in sun mayar da kuɗin yadi su sayi wani ya ishe su, kuma ba wanda zai hana mutum sallama kayansa yadda ya ga dama. Masu saye suna da tasu hujja mai ƙarfi: awowin da mutum ya zuba ba su ne ke yanke farashi ba, wadda ba ta da sauri ba za ta caji ninki biyu don ta daɗe ba, kuma iyalin da ke neman abin rufa ba laifi suka yi ba da suka ɗauki na kanti. A nan lissafin masu ɗinki ya fi ƙarfi wajen nuna abin da aka kashe, amma ba ya iya tilasta wa kowa ya biya. Kan batun ƙarko ma a yi hattara. Bargon da aka yi da yadi mai kyau yana iya wuce ƙarni, amma "na hannu" kaɗai ba shaidar inganci ba ne, ɗinkin keke yakan fi jure wanki.

Abin da hakan zai jawo wa talaka

Rufewar Joann ta fi taɓa mazauna ƙananan garuruwa da masu koyo, domin can ne ake samun yadi mai sauƙin kuɗi a taɓa shi da hannu kafin a saya. Ƙananan kantunan yadi za su iya samun sababbin masu ciniki, amma kayansu sun fi tsada. Kuɗin fito kuma yana yanka ta fuska biyu: yana ɗaga farashin bargon masana'anta da ake shigowa da shi, yana kuma ɗaga farashin yadin mai ɗinkin gida. Tunda mafi yawan kuɗin bargon hannu na lokaci ne ba na kaya ba, da wuya harajin ya rufe tazarar. Abin da ake iya gani shi ne ƙarin masu komawa ga tsofaffin tufafi da ragowar ƙyallaye, da ƙarin masu barin manyan barguna su koma na jarirai da na rataye a bango, ko su koma koyarwa da sayar da zane, inda awa ta fi biya. Ƙungiyoyin da ke ɗinka wa asibitoci da tsofaffin sojoji barguna kyauta su ma za su ji a jika.

Mai karatu a Kano ko Zariya ko Damagaram ba baƙon wannan lissafi ba ne. Hular da aka yi wa aikin allura na makonni tana zaune a rumfa ɗaya da wadda inji ya fitar, haka babbar riga mai aska takwas ta hannu da ta aikin kwamfuta. Matar da ta yi ɗinkin hular a cikin gida ita ce ta fi kowa ƙarancin kaso kafin hular ta bi hannun dillalai ta kai kan mai sawa.

A Amurka, mai son saye zai fi gane abin da yake biya idan ya tambayi abu uku: da allura aka danne ko da keke, mutum nawa suka yi aikin, kuma a ina. Mai bargo a gida kuma yana da hanyar sanin matsayinsa, domin akwai masu ƙiyasta daraja da ƙungiyar masu ɗinkin bargo ta American Quilter's Society ta tantance. Takardar da suke bayarwa tana bambanta kuɗin da za a kashe a sake yin irinsa da kuɗin da zai yi a kasuwa, kuma sau da yawa na farko ya fi na biyu nesa ba kusa ba. In gobara ta ci bargon babu wannan takarda, kamfanin inshora yana iya biyansa a matsayin bargon kanti. Masu ƙiyasin suna duba ko akwai ɗan ƙyalle a bayansa mai ɗauke da sunan wadda ta ɗinka, da garinsu, da shekarar da ta gama.